Ƙulin da Iya Yabawa Ba Ta Sayarwa

A kowane faifan ƙuli-ƙuli da Iya Yabawa ta fito da shi ƙofar gida, akwai wasu ƴan ƙanana guda uku ko huɗu a gefe, farare-farare, ba su yi ja kamar sauran ba. Ba ta sayar da su. In mai saye ya kai hannu wajen, sai ta ture yatsansa da bayan hannunta, ta nuna masa manyan. Da yamma kuma ta miƙa wa duk yaron da ya fara wucewa. Tun ina aji uku a lakwal na lura da haka, don katangarmu ɗaya da ita a Gure, ni kuma yarinya ce mai yawan zama a bakin zaure ina kallon mutane. Ban taɓa tambayarta ba. Ban kuma taɓa jin wani ya yi zancen ba, har Innata da suka fi shekara ashirin suna aron gishiri ta kan katanga.

Ba ƴar gari ba ce. A wani ƙauye na wajen Bune aka haife ta, cikin masu kiwo, kuma har yau in ranta ya ɓaci Barbarci take yi, Hausa ta ciniki ce. Mijinta Boyi yana da shanu da raƙuma biyu lokacin da aka kai ta gidansa. Farin shekarar tamanin da huɗu ya cinye su, suka shigo Gure da jaki ɗaya da tabarmi. Boyi ya koma ɗaukar kanwa a kasuwa. Ita kuma ta samu wata tsohuwa ƴar Matamai, Aisa, tana taya ta fece ɓawon gyaɗa a ba ta abinci. A wajen Aisa ta koyi komai: yadda ake soya gyaɗa da rairayi don kada ta ƙone, yadda ake zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan a turmi ana juyawa har mai ya taso, yadda ake matse tunkuza, a mulmula, a soya ta cikin man da ya fito daga jikinta. Da Aisa ta rasu, kaskon da turmin Yabawa aka bar wa. Boyi ma ya rasu ina ƙarama. Da wannan turmin ta rene ƴarta Fanna har ta aurar da ita ga wani makiyayi, Sufiyanu, a Gamu.

Ba mace ce mai fara'a sosai ba, amma bakinta ba ya faɗuwa ƙasa. Ɗan Kasuwa mai tsire, wanda yake sayen ƙulinta don yaji, kullum sai ya tsokane ta.

"Iya, jiya duwatsun Muniyo kika soya mini? Na daka har taɓarya ta nemi gafara."

"Hannunka ne ya mutu, ka bar taɓarya ta huta. Kai da kake gasa wa mutane takalmi kana ce masa nama."

"To ba ni ƴan fararen nan in ɗanɗana."

"Ba naka ba ne."

Iyakar abin da take cewa ke nan a kansu.

Ni na tafi jami'a a Yamai, na karanci ilimin sinadaran jikin halittu. A shekarata ta ƙarshe malaminmu ya ba ni aiki a kan furotin ɗin gyaɗa da ke tayar wa wasu mutane borin jini. Ban zaɓa ba, shi ya rage a takarda bayan masu baki sun ɗauki nasu. Ashe cikin gyaɗa akwai furotin iri-iri, kuma wasu daga cikinsu, garkuwar jikin wasu mutane ƙalilan takan ɗauke su abokan gaba. An sa musu suna da lamba: Ara h 1, Ara h 2, Ara h 3, Ara h 6, da sauransu. Na biyu da na shida ƙanana ne amma masu taurin kai, wuta ba ta lalata su, ciki ma da ƙyar yake narkar da su, kuma su aka fi samu da hannu in abin ya yi tsanani. A labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, matakin farko shi ne mu niƙa gyaɗar mu cire mata mai. Man ba shi muke nema ba, gefe muke ajiye shi. Garin da ya rage shi muke jiƙawa, mu ɗiga ruwan a kan wani farin abu mai kama da daskararren kamu, mu sa masa lantarki, furotin ɗin su jeru layi-layi gwargwadon nauyinsu. Na biyun yakan fito layi biyu manne da juna can wajen ƙasa. Akwai kuma ƴan tsinkayen gwaji, kamar na zazzaɓin sauro da ake yi a gidan likita, sai dai waɗannan ba jini ake sa musu ba, abinci ne ko abin da aka goge daga kwano. Layi ɗaya, babu furotin ɗin gyaɗa. Layi biyu, akwai. Da na gama, guda bakwai suka rage, kwanansu ya kusa ƙarewa, malam ya ce in tafi da su. Na jefa su ƙasan jaka na manta.

Na dawo gida hutu ana saura kwana biyu a kawo Zuhura yaye.

Zuhura ƴar Fanna ce, shekararta biyu saura wata biyu. Kamar yadda ake yi, gidan kaka aka kawo ta a raba ta da nono. Fanna ta zo da ita a motar kasuwa, aka karɓo rubutu wajen malam aka ba ta, uwar ta faki idonta ta fice tana share hawaye da gyale. Yarinyar daji ce, nono da fura da tuwon gero ta sani, ban jin gyaɗa ta taɓa shiga bakinta. Iya Yabawa ta goya ta tana zagaya tsakar gida.

"Yi shiru ƙawata, yi shiru ƴar daji. Uwarki ta gudu, ni ce na rage miki. Nan birni ne, ba a yi mana kukan maraƙi."

Kwana biyu da zuwanta Inna ta aike ni in kai mata kunu. Na tarar Iya tana matsar tunkuza, yarinyar na zaune a tabarma, majina ta zubo mata. Iya ta goge hannu a bakin zanenta, ta kama bakin zanen nan ta share wa yarinyar fuska. Na tsaya muna gaisawa, tana tambayata ko a Yamai ana ba mu abinci, don ta ga na dawo kamar kara. Kafin in fita na dubi Zuhura. Kumatunta na hagu ya yi ja, ya tashi rudu-rudu, daga gefen hanci zuwa kunne, daidai inda zanen ya bi. Ɗaya kumatun lafiya lau.

Iya ma ta gani. Ta ce, "Borin jini ne. Maiƙo ne ke tayar da shi. Jininmu ne, ba ma son maiƙo muna ƙanana." Ta janye tabarmar nesa da kwalaben mai.

Na ajiye kunun na fita. Na dawo gida na gaya wa Inna a hankali.

Inna ta ce, "Ke dai tunda aka ba ki karatun gyaɗa, komai gyaɗa ne. Yaron da aka raba da nono har ƙuraje yake yi, har zawo. Sauyin ruwa ne. Yanzu ki shiga gidan mace ki ce mata sana'ar da ta ci da ita shekara arba'in ita ke cutar jikarta? Da wane baki?"

Ba laifin Inna ba ne. Ni kaina abin da nake son ji ke nan. Na ce wa raina ni ba likita ba ce, ban taɓa ganin mai wannan ciwo da idona ba, a takarda kawai na san shi. Dubban yara sun ci ƙulin Iya Yabawa sun girma, ni ma ina ciki. Kullum na shiga gidan ina ganin sabon tabo a wuyan yarinyar ko a hannunta, kullum ina cewa gobe zan yi magana in na samu Iya ita kaɗai. Sau biyu na same ta ita kaɗai, na tambaye ta lafiyar akuya.

Zuhura kuwa ta ƙi abinci. Ta ƙi tuwo, fura sai ta kurɓa ta tofar. Wuyanta ya fara tsawo. Na ga Iya ta je kasuwa ta sayo sabon ludayi da sabuwar ƴar ƙwarya, ban san na mene ne ba.

Ran kwana na goma da hantsi muka ji ihun Iya da Barbarci. Na riga Inna shiga. Zuhura na hannunta, leɓunanta sun kumbura kamar an hura, idanunta sun kusa rufewa, ta yi amai a gaban rigarta, numfashinta na fita da wani siririn fito. Sabuwar ƙwaryar na kife a ƙasa, kunu ya malale. Na fita da gudu ba takalmi na tare kabu-kabu. Iya ta hau da yarinyar, ni na bi su a wani. A gidan likita majo, babban ma'aikacin jinya, bai tsaya tambaya ba, ya yi mata allura a cinya, aka sa mata ruwa. Muna tsaye muna kallon ƙirjinta. Can fiton ya ragu, ta yi kuka mai ƙarfi, majo ya ce alhamdu lillahi, kukan nan shi yake jira.

Sannan ya juyo. "Hajiya, me ta ci?"

"Kunun gero ne, ɗana. Ba mai a ciki, ko ɗigo. Na rantse maka ko ɗigo babu."

Ya dube ni don ya ga ina motsa baki. Na ce, "Gidan ƙuli ne." Muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

Aka kwantar da Zuhura sai washegari. Da safe Inna ta je ta karɓi Iya don ta zo gida ta yi wanka. Na zazzage jakata na ɗauko tsinkayen nan da ƴar kwalbar ruwan da ake haɗa su da shi, na shiga gidan. Iya tana zaune a kan turmin da ta kifar, ba ta yi wankan ba.

Na durƙusa na ce, "Iya, me kika sa a kunun?"

Ta tashi ta ɗauko wani ƙoƙo daga rataye. Ƴan fararen nan ne a ciki.

"Wannan. Guda ɗaya tak na daka mata, don ta samu ƙarfi. Ba irin na kasuwa ba ne, Dija. Sau uku nake matse shi, in sa shi a tsumma in ɗora dutse. Ba na soya shi a mai, a busasshen kasko nake gasa shi. Murza ki gani, in kin ga maiƙo a yatsanki ki zage ni."

Na murza. Babu maiƙo ko kaɗan. Sai na ga garin da muke samu a labo bayan mun cire mai, wanda na yi wata huɗu ina aunawa a ƙaramin sikeli. Abin da muke yi da kwalabe da injin juyawa don mu tara furotin wuri ɗaya, shi take yi da tsumma da dutse.

Na ce mata ina da wani abu kamar gwajin zazzaɓi, ba ya gwada mutum, amma yana nuna inda abin da nake zargi yake. Ta ce in yi. Na jera ƴan kofuna a kan tabarma. Na fara da ruwan randa, don ta ga yadda babu take: layi ɗaya. Na gwada garin geron da ta dama kunun da shi: layi ɗaya. Na gwada manta: layi na biyu ya fito, siriri, sai an karkata shi wajen haske.

Ta ce, "Kin gani ko? Maiƙo."

Na ce, "Akwai a man, Iya, don na gida ne, ba a tace shi kamar na masana'anta ba. Shi ma kada ta sha. Amma tsaya."

Na gutsuri farin ƙulin kamar ƙwayar gero, na murƙushe, na tsarma shi sosai da ruwan gwajin, na tsoma tsinken. Ba mu jira ba. Layi na biyu ya fito ja wur, ya fi na man nesa ba kusa ba. Na jiƙa auduga na goge bakin zanenta, shi ma layi biyu.

Ta ɗauki tsinken man da na ƙulin, ɗaya a kowane hannu, ta kai su kusa da ido, ta nisanta su. Ba ta iya karatu ba, amma wannan ba ya bukatar karatu.

"Abin ba a man yake zaune ba?"

"Kaɗan ne ke bin man. Gidansa tunkuza."

"In na matse?"

"Man ne ke fita. Shi yana nan."

"Wanda na fi matsewa shi ya fi yawa ke nan."

Na ce eh.

"Wutar kaskon fa?"

"Ba ta kashe shi, Iya."

Ta ajiye tsinkayen a kan cinyarta. Ta yi wata magana da Barbarci wadda ban gane ba, sai suna ɗaya da na tsinta a ciki, Biba. Na ɗauka wata maƙwabciya take kira. Sai ta juya Hausa, ba ni take kallo ba, ƙoƙon take kallo.

Kafin ta haifi Fanna, ta haifi wata ƴa, bayan shekaru tana jira. Biba. Uwar Yabawa ta riga ta rasu, babu inda za a kai ta yaye, ita ta yaye abarta a wannan tsakar gidan. Yarinyar ta yi ta borin jini, tsohuwa Aisa ta ce maiƙo ne, a raba ta da mai, in za a ba ta ƙuli a matse shi sosai a gasa. Aisa ba mugunta ta yi ba, abin da ta ji a wajen manya ta faɗa. Yabawa ta yi yadda aka ce. Wata ranar kasuwa da hantsi ta dama mata kunu da shi. Boyi na can wajen kanwa, babu kabu-kabu a lokacin, a ƙafa ta ɗauke ta. Ba su kai gidan likita ba. Mutane suka ce iska ce, wasu suka ce ta shaƙe. Ita kuwa ta tuna ludayin da ta dama kunun da shi, da shi ta kwashi mai da safe, kuma ba ta tabbata ta wanke shi da toka ba.

"Shekara ashirin da shida ina zagin ludayi," in ji ta. "Shi ya sa na sayo sabo."

Tun daga ranar, duk suyar da ta yi sai ta cire na Biba ta gasa, ta ba yaron da ya wuce, sadaka.

Ban san abin da zan yi da hannuwana ba, sai na shiga tattara kofuna. Da na san da Biba, da ban jera mata abin a tabarma kamar darasi ba. Da kuma na yi magana ran da na ga kumatun nan, da ba a kai ga allura ba, wataƙila da na samu hanyar faɗa mata a hankali, ko in tsaya a kan Zuhura kawai. Na ce mata tun kwana takwas da suka wuce na yi zargi, kunya ta hana ni.

Ta dube ni a karon farko. "Kunyar me? Ni ce surukarki?" Ta ƙara da cewa, "Da kin ƙara kwana biyu kina kunya, da na sake dama mata. Cewa zan yi ƙwaryar ce."

Sannan ta tambaye ni abin da nake tsoro. "Lokacin Biba, masu karatun naku sun san wannan?"

Na san amsar, tana shafi na biyu na aikina. An gano na farko da na biyu, an sa musu suna, tun farkon shekarun casa'in, kafin a haifi Biba. Na ce, "Ba a sani ba tukuna, Iya." Ta gyaɗa kai. Har yau ban yanke wa kaina hukunci a kan wannan amsar ba.

Fanna da Sufiyanu suka iso da azahar. Majo ya ba su takarda suka wuce Damagaram da yarinyar. Likitan can ya ce abin da ya faru ya ishe shi shaida: kada gyaɗa ta kusance ta, ko mai, ko ƙuli, ko yajin tsire, ko kwanon da aka zuba su, kuma duk ran da leɓenta ya kumbura a nufi likita da gudu. Da suka dawo aka zauna a zaurenmu. Iya ta ce za ta bar sana'ar. Sufiyanu, da kansa a ƙasa, ya ce ko ta bari, ƙasar gidan da bangon da tabarmin duk sun sha gyaɗa shekara arba'in. Ya ce innarsa za ta ƙarasa yayen a Gamu. Ba wanda ya yi musu. Fanna ta yi ta kuka, ita ma ranar ta fara jin yadda yayarta ta rasu.

A gidanmu Zuhura ta kwana biyu kafin motar Gamu. Ranar tafiya Iya ta yi wanka da sabon sabulu, ta yanke farce, ta aiko a ara mata zane da riga na Inna. Ta tsaya a ƙofar zaurenmu ta miƙo mini hannuwanta biyu.

"Saura nawa abin naki?"

"Biyu."

"Gwada ni."

Na goge tafinta da tsakanin yatsunta da auduga, na tsoma. Muka tsaya muna kallo, Inna na leƙe ta kafaɗata. Layi ɗaya. Na ce mu ƙara jira kaɗan, muka jira, bai ƙaru ba. Sai ta durƙusa aka ɗora mata Zuhura, ta goya ta da zanen aro har tasha, tana ce mata ƴar daji ta ƙi birni, to ta je ta gaida shanu. Na ba Fanna tsinken da ya rage, ko da yake kwanansa ya kusa ƙarewa kuma ban san me guda ɗaya zai yi mata a Gamu ba.

Da la'asar na ji ƙamshin suya ta kan katanga. Ɗan Kasuwa ya aiko tun safe, yajinsa ya ƙare. Na shiga karɓo kayan Inna, na tarar ta ninke su a kan kujera nesa da murhu, ta koma cikin tsohon zanenta. Tana mulmula tunkuza tana jefawa a mai. Da ta zo ƙarshe, hannunta ya gutsuro ɗan ƙarami ya ajiye a gefen faifai. Ta dube shi jim kaɗan, ta mayar da shi cikin sauran, ta mulmula babba ɗaya. Wutar ta ja baya, ta sunkuya ta tura itace.